RANAR TUNAWA DA 'YAN MAZAN JIYA: BAYANI GA MAI NIYYAR HALARTA A JIMETA

A ranar 15 ga watan Janairu na kowace shekara Nijeriya takan tuna da sojojinta waɗanda suka kwanta dama a fagen fama, ta kuma girmama waɗanda Allah ya dawo da su da rai, watau 'yan mazan jiya. Babban bikin a Abuja ake yin sa, inda Shugaban Ƙasa yake ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba. Kowace jiha kuma tana yin nata a babban birninta. An shirya wannan bayani ne domin jama'a baki ɗaya, amma musamman domin mutanen Jihar Adamawa da maƙwabtanta masu niyyar zuwa Yola da Jimeta, da kuma ƙungiyoyin masu babura waɗanda ke sha'awar yin jerin gwano don nuna girmamawa.

Asalin Ranar

A da, ranar 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki, kamar yadda ake yi a Ingila da sauran ƙasashe renonta, domin a wannan rana ce ta 1918 aka tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta mai da shi 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, sa'ad da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Shugaban Ƙasa Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Ikko. Yaƙin ya soma ne cikin Yuli 1967, ya ci watanni 30. Saboda haka ranar tana da fuska biyu: tunawa da mamata, da kuma tunawa da cewa ƙasar nan ta taɓa kusan darewa, aka ɗinke ta da jinin 'ya'yanta na kowane ɓangare.

Mutumin Adamawa ba ya bukatar a kai shi nesa kafin a nuna masa inda aka zub da jinin soja. Cikin Agusta 1914 wata runduna ta tashi daga Yola a ƙarƙashin Laftanar-Kanar Maclear, ta tsallaka iyaka ta nufi Garwa, inda Jamusawa suka kafa ganuwa a bakin Binuwai. Ba ta yi nasara ba. Maclear kansa can ya mutu, tare da sojoji 'yan ƙasa da dama. Cikin Afrilu 1915 Jamusawa suka kawo hari Gurin, wanda yau yake cikin ƙaramar hukumar Fufore, 'yan sojojin da ke ganuwar garin suka tsaya kai da fata har maharan suka janye. Garwa ba ta faɗi ba sai cikin Yuni na wannan shekara, Mora kuwa sai Fabrairu 1916. Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗanda suka riƙe bindiga a ɓangarorin biyu 'yan Afirka ne, sau da yawa ma yare ɗaya suke ji. Shahararren Sajan-Manjo Chari Maigumeri a ɓangaren Jamus ya fara soja, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Ingilishi ya yi mata aiki har Habasha da Bama. Barikin soja na Lokoja sunansa yake ɗauke da shi.

A Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashi samari daga ƙauyukan Arewa zuwa Bama, cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da Japanawa a dazuzzukan Kaladan da Arakan. Hausa ce harshen bariki a wancan zamani, da ita Bature yake ba da umurni ko da sojan Bachama ne ko Chamba ko Kilba. Sunayen barikoki irin su Dodan da Arakan da Myohaung duk daga Bama aka zo da su. Bayan mulkin kai sojojinmu sun yi aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, da Labanan daga 1978, da Laberiya daga 1990, da Saliyo, da Darfur. Na baya-bayan nan shi ne yaƙi da Boko Haram, wanda ya iso har Mubi cikin Oktoba 2014, sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato garin cikin Nuwamba. Matan da wannan yaƙi ya mayar zawarawa da yawansu 'yan mata ne, 'ya'yansu kuma ba su gama firamare ba.

Yadda Ake Gudanar da Bikin

Ba a rana ɗaya ake yin kome ba. Makonni kafin ranar, Shugaban Ƙasa yakan ƙaddamar da tambarin tunawa, watau ɗan bajen nan da ake maƙalawa a ƙirji, daga nan Gwamnoni su ƙaddamar da shi a jihohinsu. A Juma'ar da ke gabanin ranar akan yi addu'o'i a masallaci, ranar Lahadi kuma a coci. Ranar 15 ga wata ce ta fareti da ajiye furanni.

Gwamnatin jiha ce ke sanar da wuri da lokaci ta gidajen rediyo da talabijin, don haka a kasa kunne. Filin Ribadu da ke Jimeta shi ne inda aka saba yin manyan tarukan gwamnati, sunansa kuma ya dace da ranar, gama Alhaji Muhammadu Ribadu, ɗan Adamawa, shi ne Ministan Tsaro daga 1960 har rasuwarsa a 1965. A zamaninsa aka kafa Rundunar Sojan Sama da Makarantar Horon Hafsoshi ta Kaduna, duka a 1964. Barikin Birged ta 23 da ke Yola kuwa an sa masa sunan Laftanar-Janar Gibson Jalo, shi ma ɗan jihar, wanda ya shugabanci Rundunar Sojan Ƙasa daga 1980 zuwa 1981.

Da safe ake farawa. Bayan Gwamna ya duba faretin girmamawa, limamin soja da fada na soja sukan yi addu'a, a busa bigila, a yi shiru na minti ɗaya. Sa'an nan manyan baƙi su ajiye furanni ɗaya bayan ɗaya, cikinsu har da shugaban ƙungiyar tsofaffin sojoji da wakiliyar matan mamata. Akan harba bindigogi sama, a saki fararen tattabaru alamar zaman lafiya. Wanda zai zo da yara ƙanana ko tsoho mai ciwon zuciya, ya sanar da su tun a gida cewa za a yi harbi, harsashin kuma na banza ne. A lokacin shiru ba a tafi, ba a amsa waya, ba a yawo. Ranar ba ta hutun aiki ba ce, saboda haka ma'aikaci ya nemi izinin shugabansa tukuna.

Batun Jerin Gwanon Babura

Wannan al'ada a Amurka ta yi ƙarfi. A 1988 wasu tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam suka hau babura suka taru a birnin Washington, domin su matsa wa gwamnatinsu ta binciko labarin 'yan'uwansu da aka kama ko suka ɓace a yaƙin. Suka kira taron Rolling Thunder, saboda rugugin injuna ya yi kama da na aradu. Sun fara da babura wajen 2,500, suna tashi daga harabar Ma'aikatar Tsaro ta Pentagon su ƙare kusa da bangon da aka rubuta sunayen mamatan Biyetnam. Da tafiya ta yi tafiya mahalarta suka kai dubban ɗaruruwa. Masu shirya shi sun daina bayan na 2019, suna kukan tsadar hidima, wata ƙungiyar tsofaffin sojoji mai suna AMVETS ta ci gaba da shi da sabon suna. Ya kamata masu sha'awar koyi da su su lura cewa waɗancan mutane bukata ce takamaimiya ta fito da su, kuma kome nasu da sanin hukuma ake tsara shi tun watanni kafin ranar.

Jimeta ba Washington ba ce. A shekarun da tashin hankali ya yi tsanani, gwamnatin jiha ta hana zirga-zirgar babura a cikin babban birnin, keke mai ƙafa uku ya maye gurbin acaɓa. Mutanen gari kuma ba su manta da bama-baman 2015 ba, na kasuwa da na masallacin Jambutu. Tarin babura da suka shigo gari ba sanarwa suna iya tayar da hankalin jama'a da na jami'an tsaro gaba ɗaya. Saboda haka tilas ne shugabannin kowace ƙungiya su rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda da ofishin Hukumar Kiyaye Haɗurra na jiha da wuri, su tambayi matsayin dokar babur a lokacin, su faɗi yawan mutanensu, da hanyar da za su bi, da inda za su ajiye baburansu. Su kuma tuntuɓi reshen jiha na ƙungiyar tsofaffin sojoji, domin su ne masu rana. In aka ce a ajiye babura a bayan gari a ƙarasa a mota ko a ƙasa, sai a bi.

Hanya ita ma tana da nata sha'ani. Janairu tsakiyar hunturu ne, hazo kan rufe kwarin Binuwai da sassafe har mutum bai iya hangen abin da ke gabansa sosai. Mai tasowa daga Numan tafiyarsa gajera ce, yana iya yin sammako. Amma mai tasowa daga Mubi ta Hong da Gombi da Song, ko daga Ganye ta Mayo Belwa, gara ya kwana a Jimeta, kada ya yi tafiyar dare. Akwai shingayen bincike a hanya: a rage gudu tun daga nesa, a tsaya in an tsai da mutum, a riƙe katin shaida da lasin da takardun babur a kusa. Hular kwano wajibi ce ga direba da wanda ya goya. Tun 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra take tilasta wannan doka. A cikin ayari a bar tazara, a sa gogagge a gaba da wani a baya, a bar wasa da babur da tsere. Doka ta hana farar hula sa kakin soja ko mai kama da shi, ko da da niyyar girmamawa ne, kuma a irin wannan rana an fi sa ido a kai.

Tambarin Tunawa da Haƙƙin Iyalai

Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion da dokar ƙasa aka kafa ta a 1964, aka sake tsara ta da wata doka a 1988, tana kuma ƙarƙashin kulawar Ma'aikatar Tsaro. Kuɗin da ake tarawa ta hanyar tambari domin taimakon naƙasassun sojoji ne da zawarawa da marayu. A saye shi daga hannun wakilan ƙungiyar, wanda kuma zai ba da gudummawa mai kauri ya karɓi rasit. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa akan yi alkawura a bainar jama'a ranar ƙaddamarwa, sa'an nan shekara ta zagayo ba a cika ba. Shugabannin ƙungiyar sun sha kokawa a kan haka, kuma suna da gaskiya. Ƙungiyar masu babura da ta iya sayen man zuwa Jimeta da komawa, tana iya biyan kuɗin makarantar maraya guda na shekara.

Taron kuma dama ce ga mai matsalar fansho. Hukumar Fansho ta Soja a Abuja take, amma jami'an ƙungiyar na jiha suna iya nuna wa mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Tsohon soja ya zo da lambarsa ta aiki da takardar sallama. Matar mamaci ko magajinsa su zo da takardar shaidar rasuwa da duk wata wasiƙa da rundunarsa ta aiko. A kawo kwafi, a bar na asali a gida, kada kuma a ba kowa ko kwabo da sunan zai gaggauta fitar da haƙƙi. Wanda ba ya iya karatu ya taho da ɗansa ko wani amintacce da zai rubuta sunan jami'in da suka gana da shi da ranar da aka ce su dawo.