Kangon Tsohon Coci a Tsibirin Sir Bani Yas

Da yawa daga cikinmu idan aka ambaci Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, abin da ke zuwa mana a rai shi ne kasuwar gwal ta Dubai da abayoyi da turare. A wannan watan ina so ki biyo ni wani lungu na ƙasar wanda 'yan sari ba sa leƙawa, wato tsibirin Sir Bani Yas, inda wani kango ya shafe fiye da shekara dubu a binne cikin rairayi.

Tsibirin yana cikin Tekun Fasha, yamma da birnin Abu Dabi, kuma tsakaninsa da gaɓa kimanin kilomita 9 ne. Ya samo sunansa daga ƙabilar Bani Yas, wadda gidajen sarautar Abu Dabi da Dubai suka fito daga cikinta. Tun a 1590 wani mai sana'ar duwatsu masu daraja daga birnin Benis na Italiya, Gasparo Balbi, ya ambaci tsibirin cikin wuraren da ake samun lu'ulu'u. Daga baya marigayi Shaihu Zayid ya mayar da shi gandun namun daji, har yau mariri da barewa da raƙumin dawa na kiwo a cikinsa.

A 1992 wata tawagar masu tonon kayan tarihi ƙarƙashin jagorancin Dakta Geoffrey King ta gano wasu tsofaffin gine-gine a gabashin tsibirin. Da haƙa ya yi nisa sai suka ci karo da ɓaraguzan shafen farar ƙasa masu ɗauke da zanen gicciye da na ganyaye. Nan aka tabbatar cewa coci ne, kewaye da gidan ruhubanawa, wato mazan Kiristoci da suka ƙaurace wa aure da dukiya domin ibada.

Ke da kike riƙe da gida, na san ba za ki rasa tambayar yadda suka rayu a wurin da babu kogi ba. Ginin kansa ya ba da amsa. Cocin na tsakiya, sannan ga ɗakunan kwana, ga ɗakin girki, ga matarar ruwan sama, ga kuma makabarta. An kiyasta cewa mutum 30 zuwa 40 ne suke zaune a wurin. Teku na ba su kifi, suna kuma kiwon dabbobi. Fasassun tukwane da kwalabe da aka tsinta sun nuna cewa suna hulɗa da fataken jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Iraƙi da Indiya. Kin ga ke nan, tukunyar da mai ita bai ɗauke ta a bakin komai ba, yau ita ce shaidar da masana ke dogaro da ita.

Waɗannan mutane mabiya ɗarikar da ake kira Cocin Gabas ne. Shugabansu yana Iraƙi, kuma da harshen Suryananci suke ibada. A wancan zamani suna kiran gabashin Jazirar Larabawa da tsibiranta Bet Ƙatraye. Ba su kaɗai ba ne a yankin. An tono irin wannan gida a tsibirin Failaka na Kuwait, sannan a 2022 aka sanar da gano wani a tsibirin Siniya na masarautar Ummul Ƙuwain.

Abin da ya fi jan hankalina a matsayina na mai koyar da yara shi ne lokacin da gidan ya rayu. Binciken tukwanen ya nuna cewa akwai mutane a cikinsa a ƙarni na bakwai har zuwa tsakiyar ƙarni na takwas na miladiyya. Ki tuna an yi Hijira a 622, daular Banu Umayya kuma ta yi mulki daga 661 zuwa 750. Wato Musulunci ya riga ya kafu a yankin, amma ruhubanawan suna nan suna girkinsu suna ibadarsu. Masana na ganin a wajajen 750 aka bar gidan, kuma a hankali ya mutu, yayin da mabiyan da ke tallafa masa suka yi ta raguwa.

Akwai shaidar rubutu ma daga ɓangarensu. Shugaban Cocin Gabas, Ishoyab na Uku, wanda ya rasu a 659, ya bar wasiƙun da har yau ake karantawa. A cikin ɗaya ya ce Larabawa masu mulki ba su yaƙi addininsa ba, suna ma girmama limamansa da taimaka wa coci-coci. Kukansa kan mutanensa na Oman ne, waɗanda ya ce sun bar Kiristanci domin kada su rasa rabin dukiyarsu. Wannan ya nuna cewa akwai matsi ta fuskar dukiya, ba komai ne ya tafi sumul ba. Duk da haka, a 676 limaman yankin sun yi babban taronsu a Darin, a tsibirin Tarut da ke gabashin Saudiyya ta yau, har suka tsara dokokin aure ga mabiyansu.

Hukumomin Abu Dabi ba su rufe kangon suka yi shiru ba. An buɗe shi ga masu ziyara a 2010, aka sake buɗe shi a 2019 bayan an yi masa rumfar da ke kare shi daga rana da iska da ruwan sama.

Uwargida, yaranmu suna jin maganganu kala-kala a waje da kuma a wayoyi, wasu na cewa Musulmi da Kirista ba su taɓa zama inuwa ɗaya ba. Ranar da ɗanki ya dawo da irin wannan magana, ki zaunar da shi, ki nemo masa tsibirin a taswira, ki ba shi labarin nan da shekarunsa, da daɗinsa da ɗacinsa. Yaron da aka ba tarihi na gaskiya a gida, da wuya wani ya ruɗe shi da na ƙarya a titi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Ki gaida maigida da yara.