Lissafin ƙarfin iska: Abin da ke hana ƙarafan sabis da eriya faɗowa kan gidaje a Katsina

Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, daga Sabuwar Unguwa zuwa GRA, da wuya mutum ya ɗaga kai a birnin Katsina bai hango dogon ƙarfen sabis ba. A ƙarƙashinsu kuma akwai dubban ƙananan turaku da jama'a suka kafa da kansu: farantin satalayit a kan katanga, eriyar intanet a kan bututu, farantan sola a saman kwano.

Duk waɗannan suna fuskantar gwaji mafi tsanani a farkon damina, tsakanin watan Mayu da Yuni, lokacin da hadari ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gabansa. A 'yan mintocin da ke gaban saukar ruwa ne iska ke yaye rufin gidaje, ta tumɓuke itatuwa, ta karya falwayoyin lantarki.

Ƙarfen da ya tsira daga wannan iska da wanda ya faɗi, sau da yawa bambancinsu lissafi ne da aka yi, ko aka ƙi yi, tun kafin a haƙa ramin tushe.

A watan Mayun 2018 an ga abin da faɗuwar irin wannan ƙarfe ke jawowa, lokacin da guguwa ta kayar da wani ƙarfen sadarwa a Jalingo, babban birnin jihar Taraba, har aka rasa rayuka.

Idan gudun iska ya ninka, ƙarfinta ya ninka sau huɗu

Abu na farko da injiniya ke nema shi ne matsin da iska ke yi a kan kowane murabba'in mita na abin da ta doka. Ƙa'idar ba ta da wuya: a ɗauki gudun iska da ma'aunin mita a daƙiƙa, a ninka shi da kansa, sannan a ninka da 0.613. Amsar tana fitowa da ma'aunin niyuton, kuma niyuton 10 ya yi kusan nauyin kilo ɗaya.

Iskar da ke gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa, tana tura kowane murabba'in mita da ƙarfin da ya kai kusan kilo 6. Idan gudun ya kai mita 20 a daƙiƙa, ƙarfin ya zama kusan kilo 25. Idan ya kai mita 40, wato kilomita 144 a awa, ƙarfin ya kai kilo 100, nauyin buhun siminti biyu.

Wannan ne ya sa eriyar da ta shekara tana shan iskar hunturu ba ta ko motsa ba, za ta iya lanƙwashewa cikin minti ɗaya a daren hadari. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga arewa maso gabas tana daɗewa, amma bugun da ke zuwa a gaban hadari ya fi ta gudu nesa ba kusa ba.

Adadin 0.613 ya samo asali ne daga nauyin iska a daidai gaɓar teku. Katsina tana kan tudu mai tsayin kusan mita 500, ga kuma zafi, don haka iskarta ta ɗan fi sauƙi. Wanda ya yi amfani da adadin yadda yake ya bar wa kansa ɗan rara ke nan.

Faɗi da siffar abin da iska ta doka

Mataki na biyu shi ne auna faɗin fuskar da ke kallon iska. Na uku kuma shi ne la'akari da siffarta, domin iska tana zamewa ta gefen abu mai zagaye, amma tana cin karo da abu mai shafaffiyar fuska ko mai zurfi kamar kwano. Injiniyoyi suna da jadawalin adadin da ake ninkawa da shi ga kowace siffa. Ga farantin satalayit da ke fuskantar iska kai tsaye, adadin yana kusa da 1.3.

Ga misali. Faranti mai faɗin santimita 90 yana da fuskar da ta kai murabba'in mita 0.64. A iskar mita 30 a daƙiƙa, wato kilomita 108 a awa, matsin ya kai niyuton 552 a kowane murabba'in mita. Idan aka ninka 552 da 0.64 da 1.3, za a samu kusan niyuton 460. Kamar a rataya wa farantin buhun siminti guda ne, amma yana jan sa gefe.

Babban faranti mai faɗin mita 1.8, irin wanda ake gani a gidajen kallon ƙwallo da wasu manyan gidaje, faɗinsa ninki biyu ne kawai, amma fuskarsa ninki huɗu ce. A iska guda, ƙarfin da zai sha ya haura niyuton 1,800, kusan buhun siminti huɗu.

Shi ya sa ake saƙa dogayen ƙarafan sabis kamar raga, domin iska ta samu hanyar wucewa. Shi ya sa kuma rataya allon talla ko ƙyallen sanarwa a jikin irin wannan ƙarfe ke da haɗari: an toshe ramukan da aka bari da gangan.

Tsayi ne ke karya gindi

Sanin ƙarfin iska kaɗai bai wadatar ba, sai an san a wane tsayi take bugawa. Duk wanda ya taɓa kwance noti da dogon sifana ya san cewa tsawon hannun yana ƙara ƙarfin murɗawa. Haka iska ke yi wa turke: ƙarfin da ta buga a sama, a ninka shi da tsayin wurin, shi ne abin da gindi zai ɗauka.

Farantin santimita 90 da aka ambata, idan yana kan bututu mai tsayin mita 1, gindin zai ɗauki murɗawar niyuton-mita 460. Idan aka ɗaga shi zuwa mita 6 domin ya tsallake rufin maƙwabta, murɗawar ta zama kusan 2,760, ba a ma haɗa da iskar da ke dukan bututun kansa ba.

Bututun ƙarfe mai inci 2 da kaurin jiki milimita 3.6 yana fara lanƙwasa ne idan murɗawar ta kai wajen 2,000. Ke nan a tsayin mita 6 ba zai jure ba, alhali a mita 3 zai tsaya. Bututun da bai kai wannan kauri ba kuwa, tun kafin nan zai sare.

A manyan ƙarafan sabis ma lissafin ke nan, sai dai alƙaluman sun fi girma. Farantin sadarwa mai faɗin mita 1.2 da aka ɗaura a tsayin mita 45 zai sha kusan niyuton 1,440 a iskar mita 40 a daƙiƙa. A gindi, wannan ya zama murɗawar kusan niyuton-mita 65,000. Idan tazarar ƙafafun ƙarfen mita 5 ce, ƙafafun da ke ɓangaren iska za su ji ana fizgar su sama da ƙarfin kusan tan 1.3, saboda faranti guda kawai.

Don haka aikin kankaren tushe biyu ne: ya ɗauki nauyin ƙarfen, ya kuma riƙe shi kada iska ta tumɓuke shi.

Akwai kuma wani ƙari. Masana yanayi suna auna gudun iska ne a tsayin mita 10 daga ƙasa, amma a sama ta fi gudu, domin babu gini ko itacen da zai tare ta. A buɗaɗɗen fili, matsakaicin gudun iska a mita 50 kan fi na mita 10 da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, abin da ke ƙara matsinta da fiye da rabi. Ƙarfen da ke bayan gari, a filin da babu shinge, ya fi na tsakiyar unguwa shan iska.

Darasi daga Gobarau da Lambar Rimi

Katsina ta daɗe da sanin dogon gini. Hasumiyar Gobarau, wadda tarihi ke dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsayinta ya kai kusan mita 15, kuma da ƙasa aka gina ta. Maginan sun yi mata faffaɗan gindi mai nauyi, suka riƙa tsuke ta yayin da take hawa. Nauyi a ƙasa, ƙaramar fuska a sama inda iska ta fi ƙarfi: tsarin da ƙarafan sabis ke bi ke nan har yau.

Wata dabarar daban tana Lambar Rimi, a ƙaramar hukumar Rimi, inda aka kafa tashar samar da lantarki daga iska mai ƙarfin megawat 10. Injinan 37 ne, kowanne mai kilowat 275, na kamfanin Vergnet na Faransa. Suna tsaye ne a kan siraran turaku da igiyoyin ƙarfe ke riƙe da su, kuma an ƙera irinsu ne yadda za a iya kwantar da su ƙasa idan ana sa ran mahaukaciyar guguwa ko za a yi gyara.

Igiyoyin suna rage wa gindi wahala sosai, domin suna karɓar ƙarfin iska tun daga sama su kai shi ƙasa. Amma turken da ya dogara da igiya, ransa na hannun igiyar. Turken gidan rediyon Warso a ƙasar Folan, mai tsayin mita 646, wanda a lokacinsa babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya, ya rushe ne ranar 8 ga Agustan 1991 ana tsakiyar aikin sauya masa igiyoyi.

Abin da doka ta tanada

A shekarar 2009 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta fitar da ƙa'idojin kafa turakun sadarwa, waɗanda suka ƙunshi batun ƙarfin iska, tushe, fenti da fitilar gargaɗi ga jiragen sama. Ƙa'idojin sun tanadi tazarar mita 5 tsakanin turke da ginin da ke kusa, yayin da dokar hukumar kula da muhalli ta NESREA ta 2011 ta ce mita 10, saɓanin da ya jawo taƙaddama tsakanin hukumomin biyu.

Ko wacce aka bi, tazarar ba ta kai tsayin turken ba. Ƙarfe mai mita 45 idan ya kife daga gindi zai wuce mita 10 da nisa. Kariyar maƙwabta ta dogara ne ga ingancin lissafi da kulawar da ake yi wa ƙarfen.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ita ma tana buƙatar a nemi izininta kan tsayin turke, batun da ya shafi unguwannin da ke kusa da filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua.

Wajen lissafin kansa, injiniyoyi da dama suna bin ma'aunin Amurka mai suna TIA-222, wanda ke amfani da bugun iska mafi ƙarfi na daƙiƙa 3 a tsayin mita 10. Dalili shi ne ƙarfe ba ya buƙatar awa guda ana dukansa kafin ya karye, bugu ɗaya ya isa.

Inda matsala ke ɓullowa daga baya

Turke na iya cika duk ƙa'ida ranar da aka kafa shi, ya zama haɗari bayan shekara goma.

Dalili na farko shi ne ƙarin kaya. Tun daga 2014, lokacin da MTN ya miƙa dubban turakunsa ga kamfanin IHS, Airtel kuma ya sayar da nasa ga American Tower, ya zama ruwan dare kamfanoni da yawa su yi haya a kan turke guda. Zuwan 4G da 5G ya ƙaro wasu na'urorin. Kowace sabuwar eriya ƙarin fuska ce ga iska, kuma ƙa'idar aiki ita ce a sake lissafi kafin a ɗora ta.

Na biyu shi ne tsatsa da sassautawar notuna, domin kaɗawar yau da gobe tana kwance su a hankali. Na uku shi ne ɓarayin ƙarfe da ke kwance sandunan da aka gicciya a ƙasan turke. Waɗannan sanduna su ne ke hana ƙafafun lanƙwashewa, kuma a ƙasa ne nauyin ya fi taruwa. Na huɗu shi ne zaizayar ƙasa ko kwanciyar ruwa a gindin tushe.

Abin da mai gida zai iya yi kafin damina

Ga mai shirin ɗora faranti ko eriya, hanya mafi sauƙi ita ce rage tsayi. Idan sigina na samuwa a mita 2, babu amfanin kai shi mita 6. Idan dole sai an ɗaga, a ɗaure bututun da wayoyi uku ko huɗu da aka ja zuwa kusurwoyi daban-daban, kuma a ɗaure su kusa da inda farantin yake.

A guji kafa babban faranti a kan katangar bulo mai inci 6 da babu ginshiƙin kankare a cikinta, domin iska na iya tafiya da farantin da katangar baki ɗaya. Farantan sola kuma a ɗaure su a jikin katakon rufi ko ƙarfensa. Iskar da ta shiga ƙarƙashinsu sama take ɗaga su, kuma kwano shi kaɗai ba zai riƙe ba.

Tankin ruwa da ke kan dogayen ƙafafun ƙarfe ya fi shiga haɗari idan babu ruwa a ciki, saboda nauyin da ke danne shi ya tafi, faɗinsa kuwa yana nan.

Ga duk turken da ya wuce 'yan mitoci, kamar na makaranta, banki, masallaci ko gidan rediyo, aikin ya wuce na mai walda shi kaɗai. Ana buƙatar injiniyan gine-gine mai rajista da hukumar COREN ya yi lissafin, mai walda ya bi zanen.

Masu maƙwabtaka da ƙarfen sabis kuma suna iya lura da alamomi: karkacewa, sandunan da suka ɓace, tsatsa mai ɓarewa, tsagewar kankare, ko igiyar da ta saki. Akasarin wuraren suna da allo a jikin shinge mai ɗauke da sunan kamfani da lambar wurin. Da wannan lamba ake kai rahoto ga kamfanin, ko ga NCC, ko hukumar tsara birane ta jihar Katsina.

Watannin Maris da Afrilu, kafin hadarin farko ya taso, su ne lokacin da ya fi dacewa a duba notuna, a ɗaure wayoyi, a sauke duk abin da ba a amfani da shi daga saman rufi.