Shekara 29 Babu Jakada: Labarin Albaniya da Rasha

Sau da dama a ajin tarihi ɗalibai kan tambaye mu, mene ne aikin jakada? Mu kan amsa cewa jakada shi ne ido da kunne da bakin ƙasarsa a wata ƙasa. Amma ba a cika sanin amfanin abu ba sai an rasa shi. Saboda haka bari mu duba labarin ƙasashe biyu da suka yi shekara 29 babu jakada a tsakaninsu, wato Albaniya da Tarayyar Sobiyat, wadda Rasha ta gāda.

Albaniya ƙaramar ƙasa ce a kudu maso gabashin Turai, tana kallon Italiya ta ƙetaren teku. Babban birninta Tirana. A 1924, lokacin da wani bishop mai suna Fan Noli yake firayim minista, ta fara ƙulla hulɗa da Mosko. Abin bai daɗe ba, domin kafin shekarar ta ƙare an hamɓarar da gwamnatinsa, wakilan Sobiyat kuma suka koma gida. An sake ƙullawa a 1934, sai Italiya ta mamaye ƙasar a 1939, magana ta mutu.

A ƙarshen 1944 'yan gurguzu suka karɓi mulki a ƙarƙashin Enver Hoxha (ana furta sunan Hoja). Mosko ta amince da gwamnatinsa a Nuwamba 1945. Da farko ƙaramin ofishin wakilci kowace ta buɗe, sai a 1953 aka ɗaga su zuwa cikakken ofishin jakadanci. A wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin girman ofishin shi ke nuna girman zumuncin. Zumuncin kuwa ya yi ƙarfi. Da Stalin ya ɓata da Tito na Yugoslabiya a 1948, Hoxha ya bi Stalin, saboda yana tsoron kada maƙwabciyarsa Yugoslabiya ta haɗiye ƙasarsa. Mosko ta aiko da alkama, da rance, da injiniyoyi, ta kuma ajiye jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa a kusa da birnin Vlora.

To, me ya raba su? Stalin ya mutu a 1953. Magajinsa Khrushchev ya je Yugoslabiya neman sulhu a 1955, a shekara ta gaba kuma ya fallasa irin zaluncin da Stalin ya yi. Hoxha, wanda yake mulki irin na Stalin, ya ga cewa idan wannan iska ta iso Tirana, kujerarsa za ta fara kaɗawa. Sai ya karkata zuwa ƙasar Sin, wadda ita ma take jayayya da Mosko. A Nuwamba 1960, a taron jam'iyyun gurguzu 81 a Mosko, ya tashi ya soki Khrushchev a gaban kowa.

Daga nan abu ya yi ta lalacewa mataki mataki. A 1961 Mosko ta tsayar da rance, ta kwashe injiniyoyinta, ta janye jiragenta takwas daga cikin goma sha biyu, Albaniya ta riƙe huɗu. Aka kira jakada gida. A Disamba aka rufe ofishin Tirana, aka ce wakilan Albaniya su bar Mosko. Ya kamata mu lura cewa matakan nan ba ɗaya ba ne. Kiran jakada gida alamar fushi ce kawai, domin mataimakansa suna nan, ana iya aika saƙo. Rufe ofishi kuwa toshe ƙofa ne gaba ɗaya. Abin mamaki, a cikin wannan shekara ta 1961 ce ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar birnin Biyana, wadda ta tsara haƙƙin jakadu da kariyarsu.

Babbar ƙasa ta yi asarar tashar jiragen ruwa, amma talakawan ƙaramar ƙasar ne suka ji jiki. A 1967 gwamnati ta rufe dukan majami'u da masallatai, aka ɗaure limamai da firistoci, aka kashe waɗansu. A 1968 ta fice daga ƙawancen soja na Warsaw. A 1978 Sin ma ta yanke taimako, Albaniya ta rage kusan ita kaɗai. Maimakon gidaje da hanyoyi, aka zuba siminti wajen gina ramukan tsaro fiye da 170,000. Ko da Hoxha ya mutu a Afrilu 1985, Mosko ta aiko da saƙon ta'aziyya, aka ƙi karɓa. Mu da muka san girman gaisuwar mutuwa mun san inda gaba ta kai ke nan.

A farkon Yuli 1990 dubban mutane suka haura katangun ofisoshin jakadancin Jamus ta Yamma, da Italiya, da Faransa, da waɗansu a Tirana, suna neman hanyar fita. Ashe waɗannan 'yan gidaje su ne ƙofar da ta rage wa talaka. Ranar 30 ga wannan wata aka mayar da hulɗa da Mosko. A Nuwamba aka yi sujada a fili a birnin Shkodra, karo na farko tun 1967. Tarayyar Sobiyat kuwa ta rushe a Disamba 1991.

Ba mu ce tun daga nan sun zama aminai ba. Albaniya ta shiga ƙungiyar NATO a 2009, a 2018 kuma ta kori jami'an jakadancin Rasha biyu. Amma a wannan karon an kori mutum, ba a rufe gida ba.

Ku ɗalibanmu, musamman masu barin mu bana, tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Za ku saɓa da abokan aiki, da maƙwabta, da waɗanda addininku ba ɗaya ba. Ranar faɗa ce aka fi bukatar ɗan aike, ba ranar biki ba. Kome zafin fushi, a bar ƙofa ɗaya a buɗe, a bar mutum ɗaya da zai iya kai saƙo ya kawo amsa. In da hali, ku zama ku ne wannan mutumin. Allah ya ba mu zuciyar sulhu.