Kimiyyar Zaɓen Tanti Mai Ƙarko Don Kwanan Daji

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai mafarauta a ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama ta Jihar Kebbi su fara shirin shiga daji neman zomo da zabi da fakara da gafiya. Waɗansu sukan wuni su dawo, waɗansu kuwa sai sun kwana biyu ko uku. A da, maharbi kan sare rassa ya kafa 'yar bukka, ko ya shimfiɗa buzu a gindin itace ya hura wuta. Yau itatuwa sun ragu, tanti irin na mutum biyu kuma ya shigo kasuwanninmu, sabo da na gwanjo. Sai dai da yawansu an ƙera su ne don ƙasashen sanyi. Wannan maƙala za ta yi bayanin abubuwan da ya kamata mai saye ya duba, da dalilansu na kimiyya.

Abokan gaban tanti a ƙasarmu

Abu huɗu ne ke cin tanti a wannan yanki. Na farko rana, domin a watannin Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Na biyu ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Na uku guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko. Na huɗu ƙasar kanta, da ƙarangiya da ƙayar aduwa da ta bagaruwa, ga kuma gara. A kan waɗannan huɗun ne za a auna kowane tanti.

Yadin da aka ɗinka shi

Iri uku ne aka fi samu: auduga mai kauri, da nailan, da foliyesta. Auduga tana da wata hikima: idan ta jiƙa sai zarenta ya kumbura ya toshe ƙofofin saƙa, idan ta bushe kuma iska ta riƙa ratsawa, shi ya sa cikinta ya fi sanyi da rana. Aibinta nauyi, da fumfuna, da kuma gara. Ta dace da wanda zai kai kayansa a babur ko jaki.

Nailan, wanda Wallace Carothers ya haɗa a Amurka a 1935, ba shi da nauyi kuma yana da ƙarfi. Amma yana shan laima ya saki jiki, sa'an nan hasken rana mai suna ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, yana tsittsinka sarƙoƙin sinadarin da aka yi zaren da su, har yadin ya koɗe ya riƙa yagewa kamar takarda. Foliyesta, da aka samar a Ingila a 1941, ya fi jure wannan haske, ba ya kuma saki idan ya jiƙa. Don haka ga mai tafiya a ƙasa cikin ranarmu, rufin foliyesta ya fi dacewa.

Ana auna kaurin zare da ma'aunin deniya, wato nauyin zare mai tsawon mita 9,000 a giram. Harafin D ne alamarsa a jikin jakar tanti. Yadi mai 15D ko 20D an yi shi ne don masu hawan duwatsu da ke gudun nauyi, ƙaya ɗaya ta isa ta huda shi. A dajinmu a nemi kimanin 70D a rufi, a shimfiɗar ƙasa kuwa abin da ya fi haka. Har ila yau a duba ko akwai ƙananan murabba'ai a saƙar. Zaruruwa ne masu kauri da ke tsayar da yagewa kafin ta yi nisa.

Hana ruwa shiga

Lambar da ake rubutawa da milimita, kamar 1,500 ko 3,000, tana nufin tsawon ruwan da za a tara cikin bututu a kan yadin kafin ya fara tsattsafowa. Rufi mai 1,500 zuwa sama zai tare ruwan sama, amma shimfiɗar ƙasa tana bukatar 3,000 ko fiye, saboda gwiwar mutum da gwiwar hannunsa suna matsa ruwa ya ratso. Sinadarin foliyuretan da ake shafa wa yadin yana ruɓewa idan zafi da laima suka haɗu masa. Alamar haka ita ce danƙo a hannu, da wari, da ɓarewa kamar saɓar maciji. Wanda ya ga wannan a tantin gwanjo ya haƙura da shi komai sauƙin kuɗinsa, araha ba ta ado.

Sanduna da turaku

Ƙarfin da iska ke dukan abu da shi yana ƙaruwa ne da ninkin gudunta a kanta: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin zai ninka huɗu. Saboda haka tanti gajere mai siffar ƙwarya a kife, wanda sandunansa biyu suka gitta juna, ya fi dogo mai faɗin bango tsayuwa. Sandar alminiyam lanƙwashewa take yi a miƙe ta, ta zaren gilashi kuwa tsagewa take yi, tsagin ya keta yadi. Turakun da ke zuwa da tanti galibi sirara ne, ba sa kama rairayi, ba sa shiga busasshiyar laka. Maƙerin gari zai iya ƙera masu tsawon santimita 25 zuwa 30 da rodi.

Iska da lafiyar masu kwana

Mutum yakan fitar da ruwan da ya kai kofin shayi ko fiye ta numfashi da fata a dare guda. A daren hunturu, wannan tururi yana taɓa rufi mai sanyi ya koma raɓa ya ɗigo. Maganinsa tanti mai ruɓi biyu: na ciki mai raga, na waje mai hana ruwa, da tazara a tsakaninsu da ƙofofin iska a sama. Ragar tana tare sauro, musamman kusa da fadamun Gulbin Zamfara da ya ratsa ta Jega. Shimfiɗar ƙasa kuma ta kasance a ɗinke da bango, gefenta ya ɗaga kamar taki guda, don tare kunama da kububuwa, wadda ta fi yawo da dare. Zif shi ne ke fara mutuwa, domin ƙura tana goge bakinsa; a zaɓi mai manyan haƙora, a riƙa share shi da tsohon buroshi.

Kada a kuskura a shigar da garwashi cikin tanti don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi, mutum ya wuce cikin barci. Ban da haka, nailan da foliyesta narkewa suke yi su manne wa fata. A share busasshiyar ciyawa kewaye da wurin, wuta kuma ta kasance nesa, a ɓangaren da iska ke nufa.

Girma da wurin kafawa

Kowane mutum yana bukatar faɗin kimanin santimita 60, don haka shimfiɗar da ba ta kai 130 a faɗi da 210 a tsawo ba za ta matse mutum biyu. Ƙofa biyu sun fi ɗaya, don mai fita da asuba kada ya tsallake ɗan'uwansa. Tun da iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, hadari kuma galibi daga gabas yake tasowa, sai a juya ƙofa ta dubi yamma. A guji kwari da suri, a shimfiɗa tamfol ko buhu a ƙarƙashi, a kafa a inuwa in da hali.

Kammalawa

Kafin mai saye ya biya, ya sa a kafa masa tantin a gabansa, ya ɗaga yadin ga rana ya nemi huji, ya ja ɗinki, ya zuba ruwa a rufi. In an dawo daga daji kuma, a shanya shi a inuwa ya bushe sarai kafin a naɗe, a rataye shi nesa da ƙasa saboda gara da ɓera.