Kayan Amfanin Yau da Kullum a Fasahar Birnin Jidda: Daga Keke zuwa Tukunya

Gabatarwa

Zanen abubuwa marasa rai wani reshe ne na fasaha inda mai zane kan jera kaya ya zana su ba tare da mutum a ciki ba. A Turai, furanni da 'ya'yan itace aka fi zanawa. A Amurka kuwa kayan kanti ne suka kutsa kai: a 1962 Andy Warhol ya baje zanuka 32 na gwangwanin miyar Campbell a Los Angeles. Wannan maƙala za ta nuna cewa irin waɗannan kaya sun sami gurbi a Jidda bisa dalilai na daban.

Keke a Shataletale

Muhammad Sa'id Farsi, magajin garin Jidda daga 1972 zuwa 1986, ya ƙawata birnin da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe. Da yake malaman ƙasar na ƙyamar surar mai rai, mafi yawan ayyukan sun kauce wa siffar mutum. Ta haka kayan amfani suka sami fili. Julio Lafuente, ɗan asalin Sifaniya, ya ƙera ƙaton keke da aka kafa a shataletale, har wurin ya ɗauki sunan keken.

Tukunya da Kaset

Maha Malluh, wadda aka haifa a Jidda a 1959, tsofaffin kaya take tarawa. Ta jera kasakasan wa'azi cikin farantan katako na masu gasa burodi, ta kuma rataye tukwanen alminiyam masu baƙin gindi a bango. Ta kira wannan aiki Almuallaqat, sunan waƙoƙin Jahiliyya da aka ce an rataye a Ka'aba. Gwangwanin Warhol sabo ne fil, kowane kamar ɗan'uwansa. Tukunyar Malluh kuwa kowace da tabon wutar gidan da ta ciyar.

Kammalawa

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Jeren amarya, inda ake tsara langa da tasa a bango ko a kabad, shi ma baje koli ne na kayan masana'anta, wanda ke bayyana arzikin gida da gatan 'ya. Yanzu da kwanukan ke ɓacewa daga ɗakuna, ya kamata masu nazarin al'ada su ɗauki jere a matsayin fasaha, su adana shi kafin ya zama labari.