Ɗan Da Ya Guji Halin Ubansa

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. To, in uban bai bar kome ba sai abin kunya fa, ina ɗa zai sa kansa? Wannan ita ce matsalar da Chinua Achebe ya bi diddiginta cikin littafinsa mai suna Things Fall Apart, wanda aka buga da Turanci a shekarar 1958.

Labarin wani jarumi ne a ƙasar Ibo, sunansa Okonkwo, mutumin Umuofia. Ubansa Unoka rago ne, ba abin da ya sa gaba sai busa sarewa da cin bashi. Ya mutu bai sami ko laƙabin girma ɗaya ba, kuma da yake ciwon kumburi ne ajalinsa, ba a binne shi ba, mugun daji aka kai shi aka bari.

Saboda haka Okonkwo ya tashi da ƙin duk abin da ubansa ke so. Yana da shekara 18 ya ka da Amalinze, wanda ya shekara 7 ba a kai bayansa ƙasa ba. Ya roƙi irin doya wajen wani attajiri, ya yi noma har ya cika rumbuna, ya auri mata 3. Mai kallo daga nesa sai ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Amma ku duba da kyau, 'yan'uwa. Tsoro ne ke tuƙa shi, watau tsoron kada a ce ya yi kama da Unoka. Tsoron nan ya sa ya ɗauki tausayi a kan ragwanci. Shi ya sa ya sare Ikemefuna, yaron da ya shekara 3 a gidansa yana kiransa baba, ko da yake wani dattijo ya gargaɗe shi kada ya sa hannu. Tun daga ran nan zuciyar ɗansa Nwoye ta rabu da shi. Da masu wa'azin Kirista suka zo, sai Nwoye ya bi su, ya zama Isaac, aka tura shi makarantar horon malamai a Umuru. Yadda Okonkwo ya guji ubansa, haka ɗansa ya guje shi.

Daga ƙarshe Okonkwo ya rataye kansa, al'ada kuwa ta hana danginsa taɓa gawar, sai baƙi aka roƙa su binne shi. Ashe duk gudun nan, wajen ubansa ya nufa: su biyu ba wanda ya sami jana'izar mutunci.

Abin lura ke nan ga mai koyar da yara. Wanda ya gina halinsa bisa ƙin ubansa, har yanzu linzaminsa na hannun uban. In kun ga yaro mai zafin rai, ko mai yawan noƙewa, ku bincika abin da ya baro gida kafin ku ɗauki bulala. Allah ya sa mu gane.