Dokar Daji da Gawayi: A Majalisar Jiha Ake Ƙulla Ta

Yawancinmu da an ce dokar muhalli sai hankalinmu ya tafi Abuja. Akwai dalili, don can aka kafa hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli a 2007, can kuma aka yi dokar sauyin yanayi ta 2021. Amma dokar da za ta sa malamin daji ya tare ka da kurar itace, ko a ci mai gawayi tara, galibi daga majalisar dokokin jiharka take fitowa. Tsarin mulkin 1999 bai sa gandun daji cikin abubuwan da ya keɓe wa tarayya ba, dokar filaye ta 1978 kuwa ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Dajin Yankari ma ya koma hannun Bauchi tun 2006.

Ƙuduri yakan bi karatu na farko da na biyu, sannan a miƙa shi ga kwamiti. A nan ne akan kira zaman jin ra'ayin jama'a, kuma a nan ne muke yin sake. Za ka ga zaure cike da jami'an ma'aikata da 'yan ƙungiyoyi masu takardu, amma babu mai toya gawayi, babu maƙeri, babu makiyayin da burtalinsa ya ratsa dajin, balle matar da ke hura murhu sau uku a rana. Da an yi karatu na uku an kai wa gwamna, yana da kwana 30 ya sa hannu. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa na iya zartar da dokar ba da shi ba. Daga nan sai dai kuka.

Kada a ce ina kare masu sare daji. Wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda ƙirya da marke suka yi wuyar gani, ya ga an fara kai gatari kan ɗorawa da kaɗanya, itatuwan da iyayenmu ke bari tsaye a tsakiyar gona saboda daddawa da man kaɗe. Ƙasar da aka tsiraita iska ce ke kwashe ta da rani, ruwa ya zaizaye ta da damina. Doka dole ce. Sai dai dokar da ta haramta gawayi ba ta ce komai kan tsadar gas da kananzir ba, abin da za ta haifar shi ne fataucin dare da cin hanci a shingen hanya. Masu abin ne za su iya faɗa wa kwamiti haka, su nemi a fayyace itacen da aka hana, wanda ake yanka wa takarda, da nawa za a dasa a madadinsa.

Kafin ka sare itace, ko da a gonarka ne, tambayi ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarka, domin wasu itatuwan doka ta kare su tun zamanin Turawa. In an ci ka tara, karɓi rasit mai hatimin gwamnati. Majalisar Kano, misali, kujeru 40 gare ta; in a can kake, ɗaya ta mazaɓarka ce. Ku haɗu a ƙungiyarku, ku rubuta buƙatarku ko da Hausa ne, ku kai wa wakilinku da magatakardan majalisa, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.